Ba a Ƙari Sai an Kawo na Jiya

A gidanmu na Sabon Birni ba a wanke allo sai an kawo abin da ke kansa. Dokar mahaifinmu ke nan, kuma duk wanda ya zauna a zaurensa ya san ta tun kafin ya san baƙi da wasali. Za ka zo ka durƙusa, ka karanto karatun jiya da ka, ba tare da satar kallon allo ba. In ka kawo shi daidai sai ya ce, "A wanke," ka je ka wanke a rubuta maka sabo. In ka yi tuntuɓe ko da a kalma ɗaya ce, sai ya miƙo maka allonka ba faɗa ba duka, ka koma gindin bango. Akwai wanda ya yi mako yana jan aya uku. Baba bai taɓa tausaya wa irin wannan ba, don a ganinsa ba abin tausayi ba ne. Yakan ce karatun da aka tsallaka katanga aka ɗauko ba ya zama a ƙirji, in ma ya zauna ba ya amfanar kowa.

Bayan rasuwarsa 'yan'uwa suka watsu, mu biyu muka rage a gaban Inna: Yaya, ɗanta na fari, da ni auta. Ni malamar firamare ce. A Isa nake koyarwa har hanya ta lalace aka rufe makarantarmu, maigidana ya tafi Sakkwato neman abin yi, ni kuma na tattaro na dawo gida. Yaya malamin asibiti ne a wani ƙauye bayan Gatawa. Asibitin ɗaki biyu ne, shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne mai shara. Halinmu bai taɓa zama ɗaya ba. Shi ya kwashe haƙurin gidan duka, bai rage mini ko na cin tuwo ba. Ni kuwa in abu ya tsaya mini a wuya sai na furzar, ko a gaban wa.

Maganin da ke cikin asibitin nan wata ƙungiya ce ke aikowa, kwali guda duk wata. A da, in za a ƙara wa ma'aikata ilimi, sai a tara su a wani ɗaki a birni, a kawo masu koyarwa, a ci shinkafa, a watse. Da 'yan bindiga suka hana hanya, masu koyarwa suka daina zuwa, sai aka zuba karatun duka a cikin waya. Aka kira su Yaya aka sa musu wata manhaja, aka ce kwas ne mai darussa ashirin da wani abu, kowa ya gama kafin ƙarshen damina. Duk asibitin da ma'aikacinsa bai sami takardar kammalawa ba, za a cire shi daga masu karɓar kwali. Ma'ana, mutanen ƙauyen nan za su rasa ko maganin zazzaɓi.

Yadda abin yake, darasi ɗaya ne ke zama a wayar. Ka kalli bidiyo, ka amsa tambayoyi, sannan a ƙasa ga wani ɗan gurbi da aka rubuta, "Na karanta, na fahimta, zan yi aiki da shi." In ka danna shi, sai manhajar ta goge wannan darasin don kada waya ta cika, ta sauko maka da na gaba. Sauran darussan kana ganin sunayensu a jere, kowanne da hoton ɗan kwaɗo a gefensa alamar a kulle yake. Dannawar nan da saukowar sabon darasi ba sa yiwuwa sai da sabis. Ana cikin haka aka yanke sabis a duk yankinmu saboda 'yan bindiga. Waɗanda suka sa wa'adi suna zaune inda waya ke shiga, ba wanda ya tuna ya ɗaga shi.

Mutanenmu ba sa rasa dabara. Aka gano wani tudu can wajen Burkusuma, kusa da iyaka, inda layin Nijar ke kamawa in ka tsaya kusa da wata tsohuwar aduwa. Kafin ka ce kwabo wurin ya zama kasuwa. Ga mai sayar da layin Nijar, ga mai cajin waya da faifan sola, ga masu fura da ƙosai. Mutane tsaye hannu a sama kamar masu roƙon ruwa, wani na kiran ɗansa a Legas, wani na neman labarin ɗan'uwansa da aka ɗauke. Ma'aikatan asibiti su ma suka riƙa haɗa kai su je. Wani daga cikinsu ya riga ya samo amsoshin tambayoyin duka, suna yawo daga waya zuwa waya. Sai mutum ya zauna a inuwar aduwa, bidiyo bai ma gama sauka ba ya tsallake shi, ya cika amsa, ya danna, na gaba ya zo. Kafin la'asar takarda ta fito, ya hau babur ya koma gida sau ɗaya tak.

Ni ma haka na yi nawa kwas ɗin na malaman makaranta, da aka ce sai da shi za a ci gaba da lissafa mu a cikin ma'aikata. Na bi wasu mata ranar kasuwa, na zauna, na danna har yatsana ya yi zafi. Har yau ban ga laifina ba. Wanda ya aiko maka karatu ta waya ya kuma san an yanke maka waya, shi ya fara wasa da hankalinka.

Ranar da Yaya ya dawo daga tudun karo na farko, na tare shi a zaure da murna.

"Yaya, an gama?"

"An ba ni na hwarko," in ji shi, yana jingine babur.

"Na hwarko kaɗai? Yini guda?"

Ya fiddo wayar ya nuna mini, fuskarsa cike da jin daɗi. "Auta, wanda yay yi abin ga ya san allo. Ba shi ba ka sabo sai ya wanke tsoho. To ni in wanke abin da ban riƙe ba? Kuma diba nan ƙasa. Wagga ai shaida ta. In ce na karanta ban karanta ba?"

Na yi dariya, don na ɗauka wasa yake.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga ƙauye. Da aka yi sallar la'asar ya kira ni zauren Baba, ya shimfiɗa mini tabarma, ya miƙo mini wayar, shi kuma ya koma ya durƙusa a ƙasa a gabana.

"Riƙa min, Malama. Za ni kawo karatu."

Kunya ta rufe ni. Mutumin nan shi ya riƙe hannuna na rubuta bisimilla ta farko a allo, ga furfura a gemunsa, yau ga shi a durƙushe gabana. Na ce ya tashi don Allah. Ya ce karatu ba ya kawo kansa, sai da mai saurare, kuma Baba ba ya nan. Na kunna bidiyon na rage murya na kara a kunne, shi kuma ya fara. Darasin wanke hannu ne. Muryar wata mace ce mai Hausar Kano, tana ta "zan nuna muku, zan nuna muku," shi ma haka ya biyo ta har da "zan" ɗinta, bai sauya ko ɗaya ba. Inna tana jinmu daga tsakar gida, na ji tana dariya ƙasa-ƙasa. Da ya kai ƙarshe ya yi shiru yana jira. Na san abin da yake jira. Sai na ce, "A wanke." Ya ce alhamdu lillahi, ya karɓi wayarsa. Washegari da sassafe ya hau babur ya nufi Burkusuma ya karɓo na biyu.

Haka muka shiga damina. Kowane darasi tafiya guda, kowace tafiya ran mutum a hannunsa. Abin da ya ƙara cin lokaci shi ne kalmar nan ta ƙarshe, "zan yi aiki da shi." Asibitin da ke cikin bidiyo yana da famfo, da firji, da fararen tayil har bango. Ana nuna wata mata ta murɗa famfo da gwiwar hannu, shi kuwa ruwansa daga rijiya ake jawowa. Bai danna ba sai da ya rataya jarka a jikin icce ya ɗaura mata igiyar da ake takawa da ƙafa. Da aka zo darasin da ke cewa in ciwo ya fi ƙarfinka ka kira motar asibiti, nan ya maƙale. Wace mota? Da wace waya? Ya yi kwanaki yana juya maganar, har sai da ya je ya yi yarjejeniya da wani mai amalanken shanu a ƙauyen cewa duk lokacin da aka buga masa ƙofa zai fito. Sannan hankalinsa ya kwanta ya zo ya kawo karatu.

Gero ya yi tsawo ya rufe hanya, lokacin da kowa ya san ɓarayin daji sun fi samun maɓoya. Abokan aikinsa duk sun karɓi takardunsu, shi bai kai rabi ba. Wata rana da ya gama kawo karatu na ƙi cewa a wanke. Na ajiye wayar a tabarma na buɗe masa wuta. Na ce ya dubi matarsa da 'ya'yansa, ya dubi Inna da ba ta cin abinci duk ranar da ya hau hanyar nan. Na ce in kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take yi, wannan ba zauren Baba ba ne, inji ne, bai san shi ba, bai san ko ya durƙusa ko ya miƙe ba.

"Sannu ba ta hana zuwa, Auta," in ji shi.

"Sai dai a daɗe ba a je ba! Ƙarasa ta mana. Kuma mutanen ƙauyen da za su rasa magani hwa? Su ma sannu za ka ce musu?"

Wannan ta shige shi, na gani a idonsa. Sannan ya ɗauki wayar ya gangara cikin jerin darussa masu kwaɗo, ya tsaya a kan wani da ke can ƙasa, ya nuna mini. An rubuta, "Yadda ake tsayar da jini."

Ranar ce ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a gidan ba. A daminar da ta wuce an kawo masa wani manomi da aka harba a cinya yana cikin gonarsa. Yaya ya yanko robar tayar babur ya ɗaure ƙafar tamau a saman raunin, jini ya tsaya. A makarantarsu ta da an koya musu cewa in an ɗaure, a riƙa sassautawa lokaci-lokaci don kada ƙafa ta mutu. Ya sassauta. Jinin ya ɓalle, ya sake ɗaurewa, amma mutumin bai kai gari ba. Daga baya wani matashin ma'aikaci ya ce masa ai yanzu an daina sassautawa. Wani tsoho a aikin kuma ya ce ƙarya ne, ana sassautawa. Likitocin da za a tambaya duk sun bar yankin.

"So nika in sani," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "In ni nik kashe bawan Allah nan, in sani. In kuma anka kawo min wani gobe, in san abin da za ni yi da hannuna."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce to ai ga hanya a buɗe: ya je ya danna, ya danna, ya isa wurin a yini ɗaya, ya zauna ya haddace shi har ya gaji. Ya girgiza kai. Ya ce ilimin da za a taɓa ran mutum da shi, shi ne ya fi kowanne buƙatar albarka, ba zai shigo masa ta kan shaidar zur goma ba. Na ce to bari in bincika masa a intanet. Ya ce ai ya sa an bincika a tudun, wani shafi ya ce a sassauta, wani ya ce kada a kuskura. "Wa yaf faɗa? Daga wa yaj ji? Maganar kasuwa ta, ba ta da malami." Na ɗauki wayar na ce a wanke, ina jin haushinsa da tausayinsa sun cakuɗe mini a ƙirji.

Ya ci gaba da zuwa tudun, darasi bayan darasi, har ranar da abin da muke tsoro ya taɓa mu. Ya tafi tudun da safe, azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Matarsa ta kasa zaune ta kasa tsaye, Inna tana kan sallaya da carbi. Gab da magariba sai ga shi a ƙasa, ba babur, ba takalmi ɗaya, rigarsa duk ƙaiƙayin gero da taɓo. Ya hango 'yan bindiga ne daga nesa sun tare hanya, ya yar da babur ya faɗa gona, ya kwanta a tsakanin kunyoyin gero yana jin muryoyinsu har suka gaji suka tafi da babur ɗin. Waɗanda ke gabansa ba su sami wannan sa'ar ba. Da aka ba shi ruwa ya sha, abu na farko da ya yi shi ne laluba aljihu ya ga ko wayar ta jiƙe. Na tashi na bar wurin, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa babba.

Washegari na sami Inna a ɗakinta. Na san Yaya bai taɓa tsallake maganarta ba. Na zayyana mata komai, na ce magana ɗaya za ta yi, ta umarce shi ya je sau ɗaya ya gama kamar kowa, a huta. Ta saurare ni har ƙarshe tana gyara zaren carbinta.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta ma yi masa magana kai-tsaye, kunyar ɗan fari. In tana da saƙo sai ta faɗa wa iska yana wurin. Da ya shigo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta dubi bango ta ce, "A hwaɗa ma mai zuwa tudu, ban yarda shi sake taka hanyar nan ba. Shi da autar duka."

Ya ce, "To."

Na jira sauran, ba ta ƙara ba. Na ce, "Inna, saura maganar dannawa."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni. "Ni in ce ma ɗan malam shi yi shaidar abin da bai karanta ba? In na iske ubanku in ce mai mi?"

Garin neman gira na rasa ido. Na je neman a buɗe masa ƙofa ɗaya, na dawo an rufe duka biyun. Shi bai ko ɓata fuska ba, ya ci gaba da zuwa ƙauye a bayan babur ɗin haya, yana maimaita darasin da ke hannunsa.

Ana gab da cikar wa'adi wani abokin aikinsa ya zo gidan. Tare suka yi makaranta, mutum ne mai barkwanci da son Yaya. Ya ce zai je tudun kiran ɗansa, a ba shi wayar ya dawo da takarda kafin dare. Yaya ya sa aka dama masa fura, ya yi masa godiya sosai, sannan ya ce zai ba shi wayar amma bisa amana: darasin da ke ciki ya riga ya kawo shi, wannan kaɗai za a danna, a karɓo na gaba. Ya kuma tambaye shi, tunda shi ya gama, me aka ce a darasin tsayar da jini. Mutumin ya sosa ƙeya. Ya ce wallahi bai tsaya kallo ba, abin da ya tuna kawai hoton wani hannu da aka ɗaure da baƙar igiya, kuma wayarsa yanzu ba komai a ciki sai takarda.

Na bi shi har ƙofar gida na rage murya. "Don Allah ka danna mai duka. In ya yi hushi ni za ni ɗauka."

Ya dube ni da tausayi. "Malama, amana yac ce. Da bai hwaɗi kalmar ba da na yi. Yanzu in na yi, da wane ido za ni dube shi?"

Da yamma ya dawo da wayar, da darasi ɗaya a ciki, na yadda ake kula da mai gudawa. Na karɓa na duba jerin. Wanda ke biye da shi, da ɗan kwaɗonsa a gefe, shi ne na tsayar da jini. Bayansa akwai sauran darussa kafin takarda, na san maganar kwali ta riga ta ƙare. Amma wannan ɗayan, da an sami mai zuwa tudun sau ɗaya, da ya gan shi. Ba a samu ba. An kai hari kusa da wurin a makon, kasuwar aduwa ta watse, mai sola ya kwashe kayansa. Wa'adi ya cika muna zaune.

Watan da ya biyo baya kwali bai zo ba. Yaya ya ci gaba da buɗe asibitin, yana duba mutane, yana faɗa musu sunan maganin da za su saya in sun shigo gari, alhali ya san yawancinsu ba za su shigo ba. In ya dawo gida ba ya son a tambaye shi labarin ƙauye. Ya rame. Ni kuma na rasa wanda zan ji wa haushi, shi, ko Inna, ko Baba da ke kabari, ko mutanen da ban taɓa gani ba da suka tsara abin suna shan iska a ofis.

Bayan an gama girbi aka wayi gari wayoyi suna ta ƙara a aljihun mutane. An maido da sabis. Gari ya ɗauki murna, kowa na kiran nasa. Da la'asar Yaya ya kira ni zaure. Ya shimfiɗa tabarma, ya miƙo wayar da ya kashe tun safe don kada a taɓa komai kafin ya kawo, ya durƙusa. Na kunna na buɗe darasin, ya karanto shi tun daga farko har ƙarshe, yawan gishiri da sukari da ruwa, da alamun da ake dubawa a idon yaro da fatarsa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Na ce, "A wanke."

Ya matso ya karɓi wayar, ya yi bisimilla, ya danna gurbin shaida. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar. Darasin gudawa ya ɓace. Muka sa ido muna jiran na gaba. Sai wani rubutu ya fito cewa an rufe wannan kwas, ana godiya da halartarmu. Ya koma baya, jerin darussan ma babu, fari fat. Ya sake dannawa, rubutun nan dai ya dawo.

Ya daɗe yana kallon wayar. A zauren nan ba a taɓa wanke wa ɗalibi allo aka bar shi da shi fari ba. Ko wanda ya makara, ko wanda ya yi shekara bai zo ba, in ya durƙusa ya kawo na jiya, Baba zai ɗauki alƙalami.

"Auta," in ji shi, "ke da kinka san kan waya. Ba inda aka iske malamin ga? In tahi in gaishe shi, in ce mai na makara amma na kawo. Ƙari ɗaya nika roƙo."

Na karɓi wayar na shiga lalube, don kawai kada in dube shi. Na sami wani wuri da aka rubuta taimako, na rubuta roƙonsa kamar yadda ya faɗa, na aika. Kafin in ɗaga yatsa amsa ta dawo, irin wadda inji ke mayarwa, cewa saƙonmu yana da muhimmanci a gare su. Wata amsar ba ta taɓa zuwa ba.

"Mi yac ce?" Yaya ya tambaya, har yanzu yana durƙushe.

Na ce, "Ba kowa, Yaya. Ba kowa a ciki."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sa wayar a aljihu, ya naɗe tabarmar da kansa. Da safe na fito na same shi a tsakar gida da wata tsohuwar robar taya da reza, yana yanka ta dogaye-dogaye yana jerawa a jakarsa ta zuwa ƙauye.